IDAN KWAMFUTA TA RUFE MAKA ƘOFA: ABIN YI KAFIN A GOGE KOME

A wannan fitowa za mu duba wata damuwa wadda iyayenmu ba su san ta ba, amma yanzu ta zama ruwan dare a gidaje, da makarantu, da ofisoshin ikkilisiya, da shagunan buga takardu. Mutum ya kunna kwamfutarsa da safe kamar yadda ya saba, maimakon ta kai shi ga aikinsa, sai ta tsaya ta ce ya sa kalmar sirri. Shi kuwa bai taɓa sa mata wata kalma ba, ko kuma wadda ya saba sawa shekara da shekaru yau ta ce ba ita ba ce. A ciki akwai sakamakon jarrabawar yara, ko lissafin kuɗin ƙungiya, ko rajistar baftisma da ta aure, ko aikin ɗalibi na shekarar ƙarshe wanda saura mako ɗaya ya miƙa.

Abin da yawancin mutane sukan yi shi ne su saɓi kwamfutar su nufi kasuwa. Can wani mai gyara zai ce, "Ba damuwa, fomatin za a yi mata." Kafin awa biyu kwamfuta ta buɗe kamar sabuwa, amma dukan abin da ke cikinta ya tafi. An buɗe rumbu ke nan bayan an ƙone hatsin. Gaskiyar magana ita ce, ƙofofin da kan kulle a kwamfuta ba ɗaya ba ne, kowace kuwa da mabuɗinta. Wanda ya natsu ya gane wace ƙofa ce ta kulle, sau da yawa zai shiga ba tare da ya yi hasarar ko takarda ɗaya ba.

ASALIN KALMAR SIRRI

A shekarar 1961, a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a ƙasar Amurka, wani masani mai suna Fernando Corbató da abokan aikinsa suka shirya wata babbar kwamfuta yadda mutane da yawa za su yi aiki da ita a lokaci guda. Da yake kowa yana da takardunsa a ciki, sai aka ba kowa kalmarsa, kamar yadda ɗalibai a makarantar kwana sukan kwana ɗaki ɗaya amma kowa da akwatinsa da kwadonsa. Ba a daɗe ba, a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, wanda awa huɗu da aka ba shi a mako ba su ishe shi ba, ya sami dabarar da ya sa na'urar ta buga masa jerin kalmomin kowa a takarda.

Irin wannan ne ya koya wa masu ƙera manhaja kada su ajiye kalmar kamar yadda aka rubuta ta. Yau, sa'ad da ka zaɓi kalmar sirri, Windows takan niƙa ta da lissafi ta zama jerin lambobi, waɗannan lambobin ne take ajiyewa. Duk lokacin da ka zo shiga, sai ta sake niƙa abin da ka rubuta ta gwada da wanda ke ajiye. Daga gero ana samun gari, amma daga gari ba a komo da gero. Saboda haka ko kamfanin Microsoft ba zai karanto maka tsohuwar kalmarka ba. Abin da ake yi shi ne a tabbatar kai ne mai kaya, sa'an nan a ba ka dama ka sa sabuwa a madadinta.

KAFIN KA ZARGI KOWA, DUBI MADANNAI

Sau da yawa kalmar daidai take a kanka, yatsunka ma ba su yi kuskure ba, madannan rubutu ne suke aika wani abu dabam. Kwamfuta takan bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka idan maɓallin Caps Lock yana kunne, abin da ka rubuta ya juye. A ƙananan kwamfutocin cinya kuma, idan Num Lock yana kunne, haruffan U, I, O, J, K da L sukan koma lambobi. A gefen akwatin da ake rubuta kalmar akwai wata 'yar alama mai kama da ido. Danna ta ka riƙe, za ka ga ainihin abin da ya shiga.

Akwai kuma batun tsarin madannai na ƙasashe. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, daga Turai da Amurka suke zuwa. A tsarin Ingila da na Amurka, alamar @ da alamar zance sun yi musayar wuri. A tsarin Faransa da Beljiyam, wanda 'yan'uwanmu na Nijar da Cadi da Kamaru suka saba da shi, A ta ɗauki wurin Q, Z ta ɗauki wurin W, lambobin sama kuwa ba sa fita sai an riƙe Shift. A na Jamus, Y da Z ne suka yi musaya. Idan kwamfutar tana da tsari fiye da ɗaya, za ka ga gajerun haruffa kamar ENG ko FRA a kusurwar dama ta ƙasa. Wani yaro yana iya sauya shi da wasa bai sani ba. A wannan kusurwa har wa yau akwai inda ake fito da hoton madannai a fuskar kwamfuta a riƙa taɓawa da linzami, wannan yana da amfani idan ƙurar hunturu ta kashe wani maɓalli.

Dubi kuma sunan da ke saman akwatin. Mai yiwuwa ba naka ba ne, na wani ne da ya yi aiki da ita a ƙarshe, naka yana kusurwar hagu ta ƙasa. Idan kuwa ka tabbata ba ka taɓa sa kalma ba, ka bar akwatin ba kome ka danna Enter. Kada dai ka zauna kana ta cinke. Tun daga 2022, sababbin kwamfutoci masu Windows 11 sukan rufe asusu na minti 10 idan an yi kuskure sau 10.

WACE ƘOFA CE TA KULLE?

Idan madannai ba su da laifi, sai a lura da lokacin da tambayar ke fitowa da kamanninta. Idan wani ɗan akwati ne marar ado ya fito da zarar an kunna, tun kafin alamar Windows ta bayyana, wannan kullen uwar na'ura ne, wanda masu gyara ke kira BIOS. Idan fuska ce shuɗiya tana neman lambobi 48, wannan BitLocker ne. Idan akwai suna da hoto da agogo, ƙofar Windows ce ta kullum. Idan kuwa an rubuta lambar waya a kira, ko an nemi kuɗi, to, aikin 'yan damfara ne. Ka ɗauki hoton fuskar da wayarka, gama shi ne abin da mai gyara na kirki zai fara tambaya. Bari mu bi su ɗaya ɗaya, mu fara da wadda aka fi cin karo da ita.

ƘOFAR WINDOWS

Asusun shiga Windows iri biyu ne. Akwai wanda ke haɗe da adireshin imel na Microsoft, wanda aka fara tun Windows 8 a 2012, akwai kuma wanda ke zaune a cikin kwamfutar kaɗai. Mutane da yawa ba su san irin nasu ba, domin mai shago ne ko wani ɗan gida ya shirya musu ita ranar da aka saye ta. Kullum da gajeriyar lamba ta fin suke shiga, ko da yatsa. Ran da aka yi wata sabuntawa ko gyara, sai kwamfuta ta ajiye fin ta nemi ainihin kalmar, wadda ba a taɓa rubutawa ba tun ranar farko. A ƙarƙashin akwatin akwai rubutun da ke nuna sauran hanyoyin shiga, a fara duba can ko fin ɗin yana nan.

Idan asusun na Microsoft ne, maganin yana hannunka. Ɗauki waya ko wata kwamfuta ka shiga shafin Microsoft na sake kalmar sirri, ka rubuta adireshin imel ɗin. Za su aiko da lambar tabbatarwa zuwa layin waya ko wani imel da aka yi rajista da shi tun farko. Ka sa lambar, ka zaɓi sabuwar kalma. Sa'an nan ka haɗa kwamfutar da ta kulle da intanet tun tana bakin ƙofa, ta alamar da ke kusurwar ƙasa. In ba haka ba, ba za ta sami labarin sabuwar kalmar ba, za ta ci gaba da neman tsohuwar.

Inda ake shan wahala a ƙasarmu shi ne layin waya. Tun Disamba 2020 aka fara tilasta haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, an kuma rufe layuka masu yawa a 2024. Banda wannan, layin da ya daɗe ba a aiki da shi kamfani yana iya sayar wa wani. Idan layin da ka yi rajista da shi ya tafi, sai ka cika takardar tambayoyi a shafin Microsoft, inda za su nemi abubuwa kamar tsofaffin kalmomin da ka taɓa sawa da mutanen da ka aika wa wasiƙa. Wanda kuma ya san kalmarsa amma ya rasa layin, idan ya nemi a sauya dukan bayanan tsaro, sai ya jira kwana 30. Ba mugunta ba ce, an yi haka ne domin kada ɓarawo ya kore mai gida daga gidansa a dare ɗaya.

Idan asusun na cikin kwamfuta ne kaɗai, ka sa kalma ko da ba daidai ba sau ɗaya. Za ta nuna maka ɗan abin tuni da aka rubuta ranar da aka shirya ta, a ƙasa kuma rubutun sake kalma zai fito. Tun daga Windows 10 ta watan Afrilu 2018, akan sa mutum ya amsa tambayoyi uku sa'ad da yake buɗe asusu, kamar garin da aka haife shi ko sunan makarantarsa ta fari. In ka amsa su daidai, ƙofa ta buɗe. Idan wani ne ya shirya maka, a neme shi, watakila amsoshinsa ne a ciki. Idan kuma akwai wani asusu mai ikon shugaba a kwamfutar, mai shi yana iya shiga ya sa maka sabuwar kalma cikin minti biyu. Sai dai a sani, idan aka sauya kalma ta wannan hanya, kalmomin shafuffukan intanet da kwamfutar ta haddace maka suna iya ɓacewa, amma takardu da hotuna na yau da kullum suna nan.

Akwai abubuwa biyu da kan firgita mutane a banza. Na fari, a wasu kwamfutoci an tsara kalma ta tsufa bayan kwana 42, sai a ce maka dole ka sauya. Ka rubuta tsohuwar a layin sama, ko ka bar shi ba kome idan da ma babu, sa'an nan sabuwar sau biyu. Na biyu, idan wuta ta ɗauke ana cikin ɗora Windows, wani lokaci wani baƙon suna, defaultuser0, yakan fito yana neman kalmar da ba wanda ya sa. Ba wanda ya yi maka kutse, aikin ɗorawa ne bai ƙare ba, sai a sake shi.

A KWASHE HATSI TUKUNA

Idan dukan waɗannan sun gagara, lokacin zuwa wurin mai gyara ya yi, amma da sharaɗi. Kalmar Windows ƙofar zaure ce kawai, ba ta taɓa kayan da ke cikin ɗaki. Muddin ba a ɗaure rumbun ajiyar da BitLocker ba, mai gyara yana iya cire shi ya haɗa da wata kwamfuta, ko ya tada taka da filashi mai ɗauke da Linux, kamar Ubuntu, ya kwafe fayilolinka zuwa wani wuri. Ka je da filashi ko rumbun waje naka. Ka zauna a wurin. Bayan an kwafe, ka buɗe takardu biyar ko shida da idonka ka tabbata suna buɗewa. Sai bayan wannan za ka yarda a goge. Mai gyaran da ya ce ba lokaci, ka ɗauki kayanka ka yi gaba, gama sauri ya haifi nawa.

Windows ma tana da hanyar mayar da kanta sabuwa. Ana riƙe Shift a danna sake kunnawa daga bakin ƙofa, sai ta kai ka shafin gyara. A can akwai zaɓi biyu, ɗaya yana barin fayiloli ya cire manhajojin da aka ɗora, ɗaya yana share kome. Wanda bai iya karanta Turancin da kyau ba kada ya danna shi kaɗai. Kada kuma a fara wannan aiki sai akwai tabbacin wuta, ko janareta, ko cikakken batir.

SHUƊIYAR FUSKA MAI NEMAN LAMBOBI 48

Wannan ita ce ƙofa mai wuya. BitLocker ya fito tare da Windows Vista a 2007. Aikinsa shi ne ya hargitsa dukan abin da ke cikin rumbun ajiya yadda ko an cire shi an kai wata kwamfuta ba abin da za a karanta. Mabuɗin yana cikin wani ɗan guntun ƙarfe a jikin uwar na'ura, shi ke buɗewa a ɓoye kowace safiya ba ka sani ba. Idan aka canja uwar na'ura, ko aka taɓa tsarin BIOS, ko wata sabuntawa ta zo da tangarɗa, sai ya yi zaton an sace kwamfutar, ya ƙi buɗewa sai an kawo lambobin ceto guda 48.

Mutane sukan ce, "Ni ban taɓa kunna wannan abu ba." Gaskiya ne, ba lalle kai ka kunna ba. Kwamfutocin cinya da yawa suna kunna shi da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, daga Windows 11 ta ƙarshen 2024 kuwa abin ya ƙara yaɗuwa. A irin wannan hali lambobin suna ajiye a cikin asusun Microsoft da aka fara shiga da shi, a sashen na'urori. Idan kwamfutar ta ofis ce ko ta makaranta, suna wurin mai kula da kwamfutocinsu. Shuɗiyar fuskar takan nuna wata alamar gane mabuɗi, sai a gwada haruffanta takwas na farko da na cikin asusun domin a ɗauki wanda ya dace.

Ranar 19 ga Yuli 2024, wata gurguwar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 bisa ga ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Maganin ɗan ƙarami ne, share fayil guda. Amma kafin a kai ga fayil ɗin a kwamfutocin da ke ɗaure, sai an sa lambobi 48 na kowace ɗaya. Waɗanda suka adana nasu a inda hannu zai kai sun farfaɗo da wuri, sauran suka yi kwanaki.

Idan lambobin sun ɓace ɗungum, ba mai gyaran da zai fasa wannan kwado, Microsoft ma ta faɗa a fili ba ta iya ƙirƙiro su. Kwamfutar za ta sake aiki bayan an goge, amma abin da ke ciki ya tafi. Kada wani ya karɓi kuɗinka da alkawarin banza. A Janairu 2021 jaridun duniya sun ba da labarin Stefan Thomas, wani masanin manhaja a Amurka, wanda ya ɓatar da takardar da ya rubuta kalmar wani filashi mai ɗauke da mabuɗin kuɗin intanet na bitkoyin 7,002. Filashin sau 10 kaɗai yake yarda a gwada, ya riga ya gwada sau 8 bai dace ba. In masani mai wannan dukiya ya tsaya a bakin ƙofa, to, mu sai mu yi hattara.

KULLEN UWAR NA'URA DA KAYAN HANNU

A tsofaffin kwamfutocin tebur, kalmar BIOS tana rayuwa ne da wani ɗan batir mai kama da kwandala, CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Idan mai gyara ya zare wuta ya cire batirin na 'yan mintoci, kalmar takan goge. A kwamfutocin cinya na ofis irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook, wannan dabara ba ta ci, domin an ajiye kalmar a inda ba ta bukatar batir. Wasu kamfanoni sukan taimaka idan ka nuna rasit, wasu kuwa sai an canja uwar na'urar gaba ɗaya. Abin ta'aziyya shi ne, wannan kulle shi kaɗai ba ya hargitsa fayiloli, ana iya cire rumbun a kwashe su, sai fa idan shi ma an sa masa tasa kalma.

Akwai wani kulle da masu sayen kayan hannu ke gamuwa da shi. Kwamfuta tana aiki lafiya a shago, ran da aka goge ta aka haɗa da intanet sai sunan wata makaranta ko wani kamfani na ƙasar waje ya fito, ana neman imel na ma'aikacinsu. Dalili shi ne masu ita na farko sun yi rajistar lambar jikinta a wurin Microsoft, ba su kuwa cire ba kafin ta bar hannunsu. Ko an goge sau goma za ta komo, su kaɗai ke iya sakinta. Kwamfutocin Apple ma suna da irin wannan tun 2019, suna manne da asusun mai su na farko. Saboda haka ko a Ikeja ka saya, ko Abuja, ko Kano, ko Jos, kada ka biya sai an shiga BIOS a gabanka, an haɗa da intanet, an shirya ta da asusunka kai kanka, an kuma rubuta lambar jikinta a rasit. Araha ba ta ado, wani abin da aka karya wa kuɗi ma na sata ne.

KULLEN 'YAN DAMFARA

Wani lokaci ana cikin duba intanet sai wani shafi ya cika fuska da jan rubutu da ƙara, yana cewa an kulle kwamfutarka, ka kira wannan lamba. Saƙon Windows na gaskiya ba ya ɗauke da lambar waya. Shafi ne kawai, a riƙe Alt a danna F4, ko a kashe kwamfutar a sake kunnawa. Haɗarin yana ga wanda ya kira, gama za su lallashe shi ya ba su hanyar shiga daga nesa. Shekaru da yawa irin waɗannan mutane sun riƙa amfani da wata 'yar manhaja ta cikin Windows mai suna Syskey su sa kalmar da ake nema tun kafin a kai ƙofar shiga, sa'an nan su nemi kuɗi. Wannan na cikin dalilan da suka sa Microsoft ta cire ta a 2017. Amma tana nan a Windows XP, wadda aka daina kula da ita ranar 8 ga Afrilu 2014, da Windows 7, wadda aka daina ranar 14 ga Janairu 2020, ga shi kuwa har yanzu akwai su a ofisoshinmu. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ga waɗanda suka yi rajistar ƙarin lokaci.

Mafi muni shi ne ƙwayar cuta mai garkuwa da fayiloli. A watan Mayu 2017, wadda ake kira WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin gwamnatin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Wanda ya ga irin wannan ya cire kwamfutar daga intanet nan da nan, kada ya soka mata wani filashi, ya nemi masani. Biyan kuɗin ba ya tabbatar da za a buɗe, yana dai ƙara wa ɓarawo ƙarfi.

KWAMFUTAR WA ZA A BUƊE?

Dukan abin da muka faɗa domin mai kaya ne. Buɗe kwamfutar wani ba da izninsa ba, ko ta mijinki ce, ko ta matarka, ko ta maigidanka a wurin aiki, cin amana ne. Nijeriya kuma tana da dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, mai hukunta kutse cikin na'urar wani. Idan mai gyara ya tambaye ka rasit ko shaida kafin ya taɓa, kada ka ji haushi, alama ce ka sami mutumin kirki.

Idan kuwa mai kwamfutar ya rasu, iyali su zauna su yarda a kan wanda zai buɗe, a yi shi a gaban shaidu. Abu ɗaya da akan manta a cikin makoki shi ne layin wayar mamacin. Kada a bar shi ya mutu, a riƙa sa masa kati ana kira da shi, domin ta nan ne lambar tabbatarwa za ta zo.

MABUƊI AMANA NE

A watan Yuli 2008, a birnin San Faransisko na Amurka, wani injiniya mai suna Terry Childs shi kaɗai ke riƙe da kalmomin sirri na babbar hanyar sadarwar hukumar birnin. Da saɓani ya shiga tsakaninsa da shugabanninsa, ya ƙi ba da su. Aka kama shi, amma birni ya yi kwanaki ba ya iya sarrafa kayansa, har sai da magajin garin na lokacin, Gavin Newsom, ya je kurkuku da kansa ya karɓo. A 2010 kotu ta yanke wa Childs shekara huɗu. Laifinsa a fili yake, amma hukumar da ta bar mabuɗin gari a aljihun mutum ɗaya ita ma tana da nata.

Haka yake a ƙananan ofisoshinmu. Sakatare yakan sami canjin wuri, ma'aji yakan yi fushi ya ajiye aiki, ɗan hidimar ƙasa da ya shirya kwamfutar makaranta yakan gama shekararsa ya koma garinsu da kalmar a kansa, asusun ma da imel ɗinsa da layinsa ya buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau kwamfuta tana buɗewa, a yi waɗannan abubuwa. A buɗe asusun ofis da imel na ofis da layin ofis. A yi asusu biyu masu ikon shugaba, a hannun mutum biyu. A rubuta kalmar sirri, da amsoshin tambayoyi uku, da lambobi 48 na BitLocker a takarda, a sa a ambulan a manne, shugaba da ma'aji su sa hannu a baki, a ajiye inda ake ajiye takardun fili. Duk ran da aka sauya kalma, a sauya ambulan. A sa wannan cikin takardar miƙa aiki, kamar yadda ake miƙa mabuɗin ofis da littafin banki.

Daga ƙarshe, kowane ƙarshen wata a kwafe muhimman fayiloli zuwa wuri biyu, ɗaya a ajiye a wani gida dabam, rajista da lissafin kuɗi kuwa a buga su a takarda. Wanda ya yi haka, ran da kwamfuta ta rufe masa ƙofa, abin da zai rasa bai wuce yini ɗaya da kuɗin mota zuwa wurin mai gyara ba. Allah ya ba mu hikimar riƙon abin da aka danƙa mana. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.